Kifayen yarana na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, alhali akwai "mai shara" a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Makka, wajen Shari'u Mansur. Mako uku ke nan da na saya wa yara akwatin kifi na gilashi mai cin lita 60. Mai shago ya haɗa mini kifin zinari biyu, beta ɗaya, taiga bab biyu, niyon huɗu, da wani baƙi mai manna baki a gilashi, ya ce shi zai riƙa share ruwan, ba sai na canza ba. Yanzu niyon uku sun mutu, jelar betan ta yage kamar tsumma, ruwan ya yi dishi-dishi. Autata kullum da kuka take tashi, maƙwabciyata kuma ta ce kambun baka ne. Waɗanne kifaye ne ke zama tare, me kuma zan yi kafin sauran su bi? Daga wata uwa a Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba auta haƙuri. Ki bar maganar kambun baka, haɗin gambiza aka yi miki. Kifin zinari na ruwan sanyi ne, ya fi son digiri 18 zuwa 22, yana kai santimita 20, ga yawan kashi. Sauran na ruwan ɗumi ne, 24 zuwa 26. Jelar betan kuwa aikin taiga bab ne. Halinsu ke nan, kuma in ba su kai shida ba sai su bar tsokanar juna su koma kan maƙwabta.

Amma ba wannan ya kashe niyon ɗinki ba. Maganar mai shagon ce ta kashe su, kuma na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an zo mini da ita: "ai na sa zabbal." Zabbal, wato mai shara da Larabci, haka ake kiran wannan baƙin kifi a shagunan nan, sunansa filako, asalinsa kogunan Kudancin Amurka. Hajiya, babu kifin da Allah ya halitta yana cin kashin 'yan'uwansa ya mai da shi ruwa mai tsabta. Filako gansakuka yake kankara a gilashi yana ƙarami, in ya girma ma sai ya rage. Abin da ya ci fita yake yi, har ma ya fi kowa kashi a akwatin. Ki duba ƙasa gobe da safe, za ki ga wasu dogayen zare-zare a kan tsakuwa. Nasa ne. Ɗan yatsan nan da aka sayar miki yana wuce santimita 30, kusan rabin tsawon akwatinki. Wani lokaci da dare yakan manne a jikin kifin zinari ya tsotse yauƙin da ke kare fatarsa. Shi ne wai mai tsabtace miki ruwa!

Abin da ke kisa ido ba ya ganinsa. Amoniya ce, wata guba da ke fitowa daga kashi da ragowar abinci. Ƙwayoyin bakteriyan da ke zama cikin soson filta su ne masu shara na gaskiya, domin su ke cinye amoniyar, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu. Ke kuwa an juye miki kifi goma rana ɗaya a sabon akwati, aka ce kada ki canza ruwa. Mai shagon ya san haka ko bai sani ba, duka biyun laifi ne. In bai sani ba, me ya zaunar da shi yana sayar da rai? Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare. Kifin da ke cikin gilashi ma tsararre ne, ba shi da inda zai gudu in ruwa ya ɓaci.

Yau ɗin nan ki canza rabin ruwan, ki ɗiga maganin kashe kilorin, domin ruwan famfon Makka, da yawansa daga matatar ruwan teku ta Shu'aiba yake zuwa, da kilorin a ciki. Kada ki tara na tankin sama da rana ki zuba, zafinsa zai gigita su. Ki bar shi a bokiti ya huce. Kullum ki canza kashi ɗaya cikin uku har abin gwajin amoniya da naitarait (gubar da amoniya ke rikiɗewa ta zama) ya nuna sifiri, daga nan kwata duk mako. Abinci sau ɗaya, ɗan tsunkule. Soson filta kuma a ruwan da kika kwashe za ki matse shi, ba a famfo ba.

Kifin zinari, taiga bab da filako ki mayar wa mai su. Betan ya zauna daga shi sai niyon ɗin da ya rage har jelarsa ta tsiro. In ruwa ya daidaita, ki ƙara niyon su kai takwas, ki sa ciyayi su sami maɓuya, ki lura da betan kwana biyu, don wani yana da faɗa. In gansakuka ce damuwarki, dodon koɗi irin nerait guda biyu sun ishe ki. Ki sayi ƙaramar hita mai ɗumama ruwan akwatin kuma. Mutane na yi mini dariya in na ce hita a Makka, amma ɗakin da mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke kwana a kunne ruwansa na iya sauka ƙasa da digiri 22 kafin asuba.