Tambaya da Amsa: In Yanki Katin Inshorar Lafiya Ko In Haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ana ta kiranmu mu shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, amma a unguwarmu mutane sun ja baya. Cewa suke yi mai kati sai ya yini a layi, daga ƙarshe a rubuta masa magani a ce ya je kemis ya saya. In zuba kuɗina ko in haƙura?
Daga wata 'yar kasuwa, Bolari, Gombe.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabtanki ba sharri suke yi ba, hakan yana faruwa. Duk da haka shawararmu ki shiga, amma ki san yadda kuɗin ke tafiya.

A Gombe hukumar GoHealth ce ke riƙe da tsarin, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Idan kin yi rajista za ki zaɓi asibiti guda. Hukumar tana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai rajista, ko ya zo ko bai zo ba. Daga cikinsa ake saya miki maganin zazzaɓin cizon sauro, a yi gwaji, a yi awon ciki. To, nan gizo ke saƙa. In kuɗin ya makara, ko farashin magani ya tashi alhali abin da ake biya bai motsa ba, sai kantar magani ta bushe. Wani ma'aikacin kuma, abin takaici, yakan fifita mai kuɗi a hannu, ya bar mai kati a benci.

Saboda haka kafin ki zaɓi asibiti, ki leƙa da safe, ki tsaya kusa da tagar ba da magani, ki tambayi masu kati ko suna fitowa da maganinsu cikakke. Bayan rajista akwai lokacin jira. Ki tabbatar sunanki da na 'ya'yanki sun shiga jerin da aka aika wa asibitin, kuma sunan ya yi daidai da wanda ke kan NIN ɗinki. Bambancin harafi ɗaya yana iya hana mutum ganin likita.

Kada ki wuce babban asibiti kai tsaye, sai in rai na cikin haɗari. Aikin tiyata da ganin ƙwararren likita suna buƙatar takardar turawa daga asibitinki da lambar amincewa daga hukumar. Wasu daga cikin waɗanda suka biya da aljihunsu, wannan matakin suka tsallake.

In aka ce babu magani, ki nemi a rubuta hakan a jikin takardar, ki ajiye rasidin kemis, ki kai ƙorafi ofishin hukumar da kwamitin ci gaban gundumarku. Ƙorafi a zaure ba ya isa kunnen mai biyan asibitin. In abin ya ci gaba, ki nemi a sauya miki asibiti.

Su kuwa marasa ƙarfi, da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Rajistarsa kyauta ce, guraben ne ƙayyadaddu. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya sa sunan wani a ciki, ki kai rahotonsa.