Amsar Kawu: Me Ya Sa Dattawa Suke Tambaya Ko Kin Sami Ceto?

'Yata, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Saƙonki ya same ni ranar Laraba da yamma, ina dawowa daga addu'ar tsakiyar mako. Na karanta na ajiye, da gari ya waye na sake karantawa, don tambaya irin wannan ba a amsa ta a tsaye.

Kin ce an haife ki a gidan Kirista, an raɗa miki suna a coci, tun kina tatata kike makarantar Lahadi, yau kuma kina cikin mawaƙa. To, don me za ki yi watanni a ajin baftisma, sannan dattawa su zaunar da ke su tambaye ki ko kin sami ceto? Kin ce daga me aka cece ki, ke da ba ki taɓa bori ba, ba ki taɓa tsafi ba? Har kin kawo mini karin magana, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kin kuma tambaya ko wannan duka al'adar Turawan mishan ce da muka riƙe ba mu san dalili ba. Na ji daɗin tambayar ƙwarai. Matambayi ba ya ɓata.

Bari in fara da abin da ya same ni ina ɗan shekara 9. Akwai kududdufi a bayan garinmu, inda ake haƙar ƙasar gini. Cikin watan Agusta ya cika ya batse, muka je wasa, santsi ya kwashe ni na faɗa wajen da ya fi zurfi. Ban iya ruwa ba. Duk shure-shuren da na yi, ƙasa nake ƙara yi. Wani Bafillatani da ke kiwo kusa ya ji ihun yara, ya sheƙo, ya kwanta a bakin ramin ya miƙo mini sandarsa. Na kama, ya fisgo ni. Kakanki, mahaifinmu, gwanin ninƙaya ne, duk garin an sani. Amma ran nan yana gona, gwanintarsa kuwa ba ta ɗaga hancina daga ruwa ba ko da taƙi ɗaya. Da aka kai ni gida, abin da mata suke ta faɗi shi ne, "Allah ya cece shi." Ba wanda ya ce na yi ƙoƙari.

Kin ga, kalmar ceto tamu ce tun kafin bishara ta iso ƙasar nan. Ana ceton wanda ruwa ya ci, da wanda gobara ta ritsa da shi a ɗaki, da wanda ya faɗa hannun 'yan fashi. Kullum akwai haɗarin da ya fi ƙarfin mutum, akwai kuma wani daga waje da ya sa hannu. Da Likita Miller, Baturen mishan, da abokan aikinsa suka zauna fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, ba su ƙago wata sabuwar kalma ba, wannan suka tarar a bakin mutane suka ɗauka. Za ki ji maƙwabtanmu Musulmi su ma suna cewa ceto, galibi suna nufin roƙon da za a yi wa mutane a ranar alƙiyama. Kalma ɗaya ce, abin da kowa ya ɗora mata ya bambanta, saboda haka in zance ya haɗa ki da ƙawayenki, ki fara sanin abin da suke nufi, ki kuma amsa da ladabi.

A Tsohon Alkawari, babban labarin ceto shi ne fitar Isra'ilawa daga Masar. Bayi ne. A daren Idin Ƙetarewa aka yanka ɗan rago aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta tsallake gidajensu. Da suka iso bakin teku, ga ruwa a gaba, ga karusan Fir'auna a baya, Musa ya ce musu su tsaya kurum su ga ceton Ubangiji. Ki duba Fitowa sura 12 da ta 14. Sunan Yesu ma kansa, a Ibrananci, ma'anarsa Ubangiji yana ceto. Shi ya sa mala'ika ya gaya wa Yusufu, a Matiyu 1:21, ya raɗa masa wannan suna domin zai ceci mutanensa daga zunubansu.

Nan ne amsar "daga me?" take. Daga zunubi, da hukuncinsa, da mutuwa. Na san in aka ce zunubi hankalinki yana tafiya ga manyan abubuwa, kisa da sata da zina, sai ki duba kanki ki ga ba ki da ko ɗaya. Ni ma haka nake gani ina saurayi. Ɗan mai bishara ne ni, ban sha burkutu ba, na haddace ayoyi fiye da sa'o'ina. Amma a cikina akwai girman kai da ya isa ya cika rumbu, da hassadar wani abokina da aka ba shi jagorar matasa aka bar ni. Shekara 2 ina gaishe shi da baki, zuciyata tana fatan ya kunyata. Ba wanda ya sani. Ran da na karanta Romawa 3:23, cewa duka sun yi zunubi sun kasa kai ga ɗaukakar Allah, na nemi inda aka cire 'ya'yan masu bishara ban samu ba. Zunubi ya fi laifuffukan da ake ƙirgawa zurfi. Juya wa Allah baya ne, mutum ya zama shi ne sarkin kansa, kuma ana iya yin wannan a kan bencin gaba cikin coci, da littafin waƙoƙi a hannu.

Akwai wata kalma da nake so ki riƙe tare da ceto, wato fansa. Kakanninmu sun san ta da jikinsu. A zamanin bauta, bawa kan yi yarjejeniya da ubangidansa ya riƙa biyan murgu, yana aikin kansa, yana tara ɗan abin da ya rage har ya fanshi kansa, in ya yi sa'a. Wani kuma danginsa ne suke haɗa kuɗi su zo su fanshe shi. A Littafin Firistoci sura 25 an ba ɗan'uwa na kusa wannan haƙƙi, ya fanshi nasa da talauci ya sa ya sayar da kansa. To, bashin zunubi ba shi da murgu. Ko mutum ya shekara 100 yana tara aikin kirki, ba zai kai farashin ba, domin aikin kirkin ma dama haƙƙin Allah ne a kansa, ba rara ba ce. Sai ɗan'uwa ya zo. Domin wannan ne Ɗan Allah ya zama mutum, ya zama danginmu na jini da tsoka, ya ce da bakinsa a Markus 10:45 ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Bitrus ya ƙara da cewa ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne, kamar na ɗan rago marar aibi. Ya mutu a kan gicciye, aka binne shi, a rana ta uku ya tashi. Tashin nan shi ne shaidar cewa an karɓi biyan.

Saboda haka raina yana ɓaci in na ji mai wa'azi yana cewa a kawo kuɗi a "shuka iri" don ƙofar sama ta buɗe. Na taɓa zama a wani taro inda aka yanka wa albarka farashi, matalauta suna kwance bakin zani. Na fita da hawaye. Siman mai sihiri ya taɓa miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. Afisawa 2:8-9 ta faɗa a fili: ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyautar Allah ce, ba ta ayyuka ba, kada wani ya yi fahariya. Bangaskiya ita ce kama sandar nan. Ban taɓa yin alfahari da cewa na iya kama sanda ba.

Yanzu ga barewarki. Gaskiya ne, gida yana da tasiri, kuma ki gode wa Allah da naki. Bulus ya tuna wa Timoti bangaskiyar da ta fara zama cikin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki, sannan ya ce ya tabbata tana cikinsa shi ma. Ki lura da wannan "shi ma". Yahaya Maibaftisma kuwa ya gargaɗi masu zuwa wurinsa a Kogin Urdun kada su dogara da cewa Ibrahim ne ubansu. Ana gādon gona, ana gādon suna, har kamannin fuska ana gādo. Tuba kam kowa da tasa. Addu'ar mahaifiyarki ta kawo ki har bakin ƙofa, amma zanen aro ba ya rufe katara. Abin da dattawa suke so su ji ke nan in sun zaunar da ke: ko abin da kike rerawa kowace Lahadi ya zama naki. Romawa 10:9 ta haɗa abu biyu, shaidawa da baki cewa Yesu Ubangiji ne, da gaskatawa a zuci cewa Allah ya tashe shi daga matattu. Zuciya Allah kaɗai yake gani. Baki ne rabon ikkilisiya ta ji.

Game da watannin aji, zan gaya miki gaskiya: tsarin ikkilisiya ne, ba umarni ba ne daga Littafi. Yarin kurkukun Filibi, da girgizar ƙasa ta buɗe ƙofofi da tsakar dare, ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus, da ke tsare a ciki tare da Sila, ya daka masa tsawa ya hana shi. Ya faɗi yana rawar jiki ya ce me zai yi ya sami ceto. Suka ce ya gaskata da Ubangiji Yesu. Suka faɗa masa Maganar, shi da duk mutanen gidansa, ya wanke musu raunukan bulala, aka yi musu baftisma a daren nan. Haka ma'ajin sarauniyar Habasha, yana cikin karusa yana karanta Ishaya 53, Filibus ya bayyana masa, suna isa ruwa ya ce me zai hana. Ba aji, ba jarrabawa. Amma tun ƙarnonin farko ikkilisiya ta ga mutane suna shiga ruwa ba su san abin da suka shiga ba, in tsanani ya zo su watse, sai ta fara koyar da su tukuna, wani wuri har shekara 3. A ƙasarmu kuma ajin ya yi wani aiki na dabam: a nan iyayenmu da yawa suka koyi karatu, don a lokacin ana so mai neman baftisma ya iya buɗe Littafi da kansa. Kakarki a ajin baftisma ta fara haɗa baƙi da wasali, tana da 'ya'ya 4. Ni ina ganin al'ada ce mai kyau, muddin ba a mai da ita kamar jarrabawar makaranta ba, inda mai ƙwaƙwalwa zai haye, mai tsoron magana ya faɗi.

Ruwan kansa ba ya ceto. Ɓarawon da aka gicciye kusa da Yesu bai ga ruwa ba, bai yi aikin kirki ko ɗaya ba bayan tubarsa, hannuwansa a kafe suke. Ya ce kawai a tuna da shi, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi. Baftisma hoto ce ta binnewa da tashi tare da Almasihu, kamar yadda Romawa sura 6 ta nuna, kuma biyayya ce a gaban jama'a. 'Yan'uwanmu Angalikan da Katolika suna yi wa jarirai, in yaro ya girma ya tsaya a gaban bishop ya tabbatar da alkawarin da bakinsa. Mun bambanta da su a kan wannan, a kan ma'anar ruwan ma mun bambanta, amma kada in ji kin raina su. A Wusasa, kusa da Zariya, akwai gidajen Angalikan da suka riƙe bangaskiya tun kafin a haifi kakanki.

Wataƙila dattawa su tambaye ki rana da wata da kika karɓi Yesu. In kina da rana, ki faɗa. In ba ki da ita, kada ki ƙago. Wanda ya tashi a gidan bangaskiya sau da yawa kamar wayewar gari abin yake zo masa, ba ya iya nuna minti, amma ya san yanzu yana gani. Ki gaya musu ga wanda kike dogara gare shi yau, ga kuma dalili. In wani ya matsa, ki ce kawunki ma ba shi da kwanan wata.

Abin da zan fi sa miki ido a kai shi ne bayan an fito daga ruwa. Ki tuna da Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajeren nan da ya hau itace don ya ga Yesu. Yesu ne ya fara kiransa ya ce a gidansa zai sauka, tun bai gyara komai ba, mutane suna gunaguni. Daga baya Zakka ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki 4. Sai Yesu ya ce yau ceto ya sauka a gidan nan. Yakubu bai yi kuskure ba da ya ce bangaskiya marar ayyuka matacciya ce. Ni nawa ninki huɗun shi ne na taka da ƙafata har gidan abokin nan da na yi wa hassada, na faɗa masa abin da na ɓoye shekara 2. Ya yi shiru, sannan ya sa aka kawo mana kunu. Shi ya tsaya mini a ranar aurena. Har yau kuma ban gama ba, Ruhu Mai Tsarki yana kan aiki a kaina da furfurata, cikar abin sai ranar tashin matattu.

Ki shiga ajin. Abin da ba ki gane ba ki tambayi fasto a gaban kowa, akwai masu irin tambayarki da kunya ta rufe musu baki. In an sa ranar, ki sanar da ni da wuri, don ƙafar nan tawa sai na shirya mata kafin doguwar tafiya, kuma gwaggonki ta ce ita za ta ɗinka miki zanen da za ki sauya in kin fito daga rafi. Ki gai da mahaifiyarki da ƙannenki.

Kawunki.