Me ya sa SCR ba ya mutuwa bayan an cire waya daga get?

Tambaya: Ina koyon gyaran kayan lantarki a Jekadafari, Gombe. Na haɗa SCR mai lamba BT151 da batir mai bolt 12 da ƙwan fitilar babur. Da na taɓa get sai ƙwan ya kama, amma da na ɗauke wayar ya ƙi mutuwa. Ya lalace ne?

Amsa: Malam, lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi.

SCR makunnin lantarki ne mai ƙafa uku: anod da katod da wuta ke bi ta cikinsu, da get da ake kunna shi da ita. Ɗan gidan irin waɗannan makunnai ne da ake kira tairisto, kuma kamfanin General Electric na Amurka ne ya fara kai shi kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. A cikinsa akwai silikon iri biyu, P da N, hawa huɗu a jere, P-N-P-N, da mahaɗa uku inda hawa ke haɗuwa da hawa. Anod na kan P na farko, katod na kan N na ƙarshe, get kuma na kan P ɗin da ke kusa da katod. Idan ka ba anod fozitib, mahaɗa biyu na gefe za su buɗe, ta tsakiya ce ke tare hanya.

Ka ɗauke shi kamar tiransisto biyu, PNP da NPN, da aka sarƙe: abin da kowanne ya fitar shi ke shiga bes ɗin ɗan'uwansa, wato ƙafar da ake kunna tiransisto da ita. Ɗan wutar da ka ba get ya tada NPN, NPN ya tada PNP, shi kuma ya dawo ya ci gaba da ciyar da NPN. Daga nan ba ruwansu da get. Wannan ne ya raba shi da tiransisto, wanda ke mutuwa da zarar an janye wutar bes.

Kashe shi sai wutar da ke bi daga anod zuwa katod ta faɗi ƙasa da ɗan abin da ke riƙe shi, wanda a BT151 bai wuce miliyam 20 ba. Ko ka cire wayar batir, ko ka haɗa anod da katod da guntun waya na daƙiƙa ɗaya ka saki. A wutar NEPA kuwa ba a shan wannan wahala, domin tana sauka sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, duk saukar kuwa sai ya mutu da kansa, shi ya sa ake iya rage gudun fanka da tirayak irin BT136, wanda tamkar SCR biyu ne kai da ƙafa. Akwatin CDI, mai sa fulogi ya ba da wuta, na babura da yawa ma SCR ne ke sauke cajin kafasito cikin koyil.

Wajen gwaji, ka fuskanto rubutun jikinsa: katod a hagu, anod a tsakiya, get a dama. Kada ka kai bolt 12 kai tsaye kan get. Sa rizisto mai om 470, ya ba shi wajen miliyam 23, ya wadatar. Wasu kan gwada da ƙaramin ƙwan LED su ce SCR ɗin ba ya riƙewa. LED ɗin ne ba ya jan wutar da za ta kulle shi. Idan mita ta nuna anod da katod a haɗe ba tare da an taɓa get ba, to wannan ya ƙone.

Abu biyu ne suka fi kawo matsala. Wutar da ta yi tsalle farat ɗaya, kamar lokacin da aka dawo da wuta ko janareto ya tashi, kan kunna shi ba a taɓa get ba. Maganinta rizisto mai om 100 da kafasito mai maikurofarad 0.1 a jere tsakanin anod da katod. Sai zafi: a kunne yana cin bolt ɗaya da ɗoriya, wato am 8 zai ba ka wajen wat 10. A zafin Afrilu na Gombe, dole ka ɗaure shi a farantin alminiyam. Ka kula, ƙarfen bayansa haɗe yake da anod, don haka sa maika, ɗan fallen da ke hana wuta wucewa, tsakaninsa da farantin kafin ka ɗaure ƙusa.