Hukuncin cin ƙumbar teku mai ƙaya da yin ado da ɓawonta

Tambaya: Allah gafarta Malam, akwai wata halittar teku mai ɓawo biyu, duk jikinta ƙaya, ana ce mata Sifondilus. Ba ta kama da kifi ko kaɗan. Shin ana cin namanta? Ya halatta a yi sarƙa da ɓawonta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Sai an san abu ake yanke masa hukunci. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ya raɗa wa jinsinta wannan suna a 1758, kuma masana sun ware mata dangi na kanta. Ɓawonta na ƙasa yana manne da dutse har ta mutu, na sama ne ke buɗewa. Mahaɗarsu haƙora ne masu shiga rami kamar gaɓar kafaɗa. Tana da ƙananan idanu jere a bakin ɓawon, launinta kuwa ja ne, ko ruwan goro, ko shanshanbale. Abin da ya dame mu a fiƙihu dai ɗaya ne: ba ta rayuwa sai a cikin teku.

Saboda haka cinta halal ne. Allah Ya ce a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida an halatta mana farautar teku da abincinsa. Imam Malik ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce game da teku, ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hadisin bai ce kifi kawai ba. A kan haka Malikiyya suke, kuma shi ne ya rinjaya wajen Shafi'iyya da Hanbaliyya. Hanafiyya ne suka tsaya a kan kifi kaɗai, amma hujjar jamhuru ta fi ƙarfi a wurina.

Kada ka kwatanta ta da dodon koɗi na tudu. Shi wannan a wajen Malikiyya sai an kashe shi da niyya da bismilla, kamar fara. Ta teku ba ta buƙatar haka. Sai dai tana tace ruwa ne ta sami abinci, wani lokaci guba kan taru a namanta. In masana suka yi gargaɗi, cinta ya haramta saboda cutarwa.

Ɓawon kuma mai tsarki ne, ana salla da shi a jiki. Aya ta 14 ta Suratun Nahli ta ambaci ƙawar da ake fitarwa daga teku a sanya. Mace ta yi adonta, namiji ya guji abin da ya keɓanta da mata.

Wuri ɗaya nake jan kunne. Mutanen Inka na ƙasar Peru sun kira wannan ɓawo mullu, suna miƙa shi ga abin bautarsu don roƙon ruwan sama. Aikinsu bai haramta mana ɓawon ba. Amma wanda ya rataya shi da imanin yana kore maita ko jawo arziki, ya buɗe ƙofar shirka, sai ya cire ya tuba.

Wallahu a'alam.