Kwastomata ta yi tiyatar rage ƙiba, tana son rilaksa: in karɓi kuɗin ko in haƙura?

Tambaya: Ina da shagon gyaran gashi a Kano da yara uku masu aiki. Wata tsohuwar kwastomata ta dawo daga Masar wata biyu da suka wuce, an yi mata tiyatar rage ƙiba. Tana son rilaksa (man miƙar da gashi) da baƙin rini saboda bikin ƙanwarta. A ido gashinta lafiya lau. In na ƙi, wani shagon za ta tafi. Yaya zan yi?

Amsa: Hajiya, kada ki sa mata, amma kada ki bari ta fita ba ki sayar mata da wani aikin ba.

Lafiyar da kike gani a gashin nan ta ɗan lokaci ce. Bayan irin wannan tiyata jiki yana ramewa da sauri, abinci ya ragu ƙwarai, sai jikin ya karkatar da ɗan furotin da sinadarin ƙarfen jinin da yake samu zuwa gaɓoɓin da rai ya dogara da su. Saiwoyin gashi da yawa sai su daina aiki lokaci guda. Gashin da saiwarsa ta tsaya ba ya faɗuwa nan take, yakan ɗauki kamar wata uku. Shi ya sa zubar takan fara a wata na uku ko na huɗu, ta yi wasu watanni, sannan ta lafa. Mai lafiya kan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, ita kuwa za ta ga mataji ya cika dam.

To duba lissafin. Yau tana wata na biyu. Kin sa rilaksa ranar Asabar, bayan mako huɗu ko shida kai ya fara zuba. Ba wanda zai tuna da likitan Masar. A gidan biki da zauren WhatsApp sunan shagonki za a kira, a shafa miki kashin kaji kan abin da ko ba ki taɓa kan ba zai faru. Kuma ba za ki iya wanke kanki tas ba, domin rilaksa tana da nata laifin: sinadarinta mai ƙarfi ne, yana karya ƙullin da ke riƙe da silin gashi don ya miƙe. Zuba daga saiwa ta haɗu da karyewa daga tsakiya, kai ya yi fili. In fatar ta ƙone kuma, jikin da abinci bai ishe shi ba yana jinkirin warkewa. Wadda aka rubuta babu soda a kwalinta ma ba tsira ba ce, busar da gashi take yi.

Ta fuskar kuɗi ba ki yi asara ba. A ce rilaksa da rini naira 15,000 ne a wurinki, kuma a wata shida ba za a yi fiye da sau uku ba: 45,000 ke nan. Wanki da sitimin da sassauƙan kitso a naira 5,000, sau biyu a wata, wata shida, 60,000 ne, ga shi man kaɗanya da man kwakwa ba su kai kayan kwali tsada ba. Ki sa naki farashin ki gwada. Ki haɗa mata shi dunƙule, ta biya na wata uku gaba ɗaya ki yi mata ɗan ragi.

Na biki kuwa, manyan kalaba marasa ɗauri, sai hular gashi mai kyau ko ɗaurin ɗankwali. Ban da ƙananan kitso da ƙarin gashi mai nauyi, don suna tuge gaban goshi. In furfura ce damuwarta, jan lalle zalla ya wadatar. Abin da ake kira baƙin lalle yawanci an haɗa shi da sinadarin PPD, wanda ke kumbura fatar wasu.

Ki zaunar da ita ke da ita, ba a gaban yara ba, don ba kowa ke son a san ya yi wannan tiyata ba. Ki gaya mata zubar tana tafe kuma takan wuce. Da izininta ki ɗauki hoton gaban kai da tsakiya yau, ki rubuta kwanan wata. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: kada ki sayar mata da ƙwayoyin gashi. Maganar furotin, wanda aka fi ba su shawarar giram 60 zuwa 80 a rana, da gwajin ƙarfen jini da zinki, ta likitanta ce. Ƙwayar bayotin da ake sha don gashi ma tana iya rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini.

Sai zubar ta tsaya, sabon gashi ya fito, likita ya ce jininta ya daidaita, galibi wajen shekara guda, sannan a koma rilaksa. Ki zaɓi mara ƙarfi mai lambar NAFDAC, ki gwada a 'yan silin ƙeya tukuna. Ki shafe fata da basilin, ki sa a sabon toho kaɗai, kada ki wuce mintunan da ke jikin kwali, ki wanke da shamfun kashe sinadari har kumfa ta daina yin ruwan hoda. Tsakanin wannan da na gaba mako takwas zuwa goma sha biyu. Rini ya jira mako biyu, kuma a ɗiga shi bayan kunne awa 48 kafin ranar.

Daga yau ki koya wa yaranki tambaya ɗaya kafin su buɗe kowane kwali: a wata shidan nan an yi tiyata, ko haihuwa, ko zazzaɓi mai tsanani? Duk ukun suna jawo irin wannan zubar, kuma masu jego sun fi masu tiyata yawa a kujerarki.