Hajiya, kafin ki taɓa kuɗin saro kaya, mu duba layin nan da kyau

Wata Hajiya mai sayar da leshi da shadda a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, mazauniyar Aboabo, ta aiko da tambaya. Ɗanta ya nuna mata zanen ma'aunin kasuwar hannun jarin Amurka mai suna S&P 500 a wayarsa, layi yana ta hawa shekara da shekaru, ya ce ribarsa kusan kashi 10 cikin ɗari ce duk shekara. Tana da sidi 60,000 da ta tara don saro kayan salla. Ta zuba su a can ne, ko kuwa?

Ranki ya daɗe, a'a, ba waɗannan kuɗin ba. Amma yaron bai yi miki ƙarya ba, don haka bari in warware miki.

Ma'aunin kasuwar hannun jari kamar kwandon cefane ne. Ki cika kwando da shinkafa, mai, sukari da albasa, duk Juma'a ki rubuta nawa ya kama, bayan shekara za ki san inda kasuwa ta dosa. Kwandon S&P 500 na ɗauke da manyan kamfanonin Amurka wajen 500, tun 1957, kuma irin su Apple da Microsoft sun fi ƙananan nauyi a cikinsa. Kashi 10 ɗin nan matsakaici ne na gomman shekaru, ga wanda bai ci ribar da kamfanoni ke rabawa ba, ya mayar da ita ciki, kuma ba a cire tsadar kaya ba.

Yanzu ki ce wa yaron ya sa yatsu biyu ya buɗe zanen a kan 2007. A watan Oktoba na shekarar ma'aunin yana 1,565. Zuwa Maris 2009 ya gangaro 676, fiye da rabi ya tafi. Bai koma inda yake ba sai Maris 2013. A fuskar waya wannan ramin bai kai farce ba, amma ki lissafa shi da irin lissafinki: salla sama da goma ke nan, ƙarama da babba, masu ɗinkin anko suna zuwa rumfarki, ke kuwa jarinki na can ƙasa kina jira ya taso. Wanda ya saya a Maris 2000, lokacin ma'aunin na 1,527, shekara 13 ya yi yana kewaya wuri guda. A Japan abin ya fi haka: ma'aunin Nikkei ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairu 2024. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, Hajiya. Masu cin ribar nan su ne waɗanda ba abin da ya tilasta musu sayarwa suna cikin rami.

Mu dawo gida, don nan ne darasin ya fi shafarki. Kasuwar hannun jari ta Ghana da ke Accra ta fara ciniki a Nuwamba 1990, kuma ma'auninta na yanzu ya tashi daga 1,000 a farkon 2011. Zuwa ƙarshen 2024 ya kusa 4,900, wato ninki biyar saura kaɗan. Abin sha'awa, ko? To, a ƙarshen 2010 dala ɗaya sidi ɗaya da rabi ce saura kaɗan. A ƙarshen 2024 ta haura sidi 14 da rabi. Ninki goma. Ke da dala ake yi wa kayanki kuɗi, ko daga Dubai suka zo ko daga Sin. Da kin zuba jarinki a ma'aunin a tsawon shekarun nan, da lambar ta yi ƙiba amma bandir ɗin shaddar da za ta saya ya ragu. Gaskiya ne ma'aunin bai haɗa da ribar da ake rabawa ba, wannan zai rage giɓin. Kin tuna 2022: ma'aunin ya faɗi da kusan kashi 12, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 a Disamba, kin sha wannan da kanki a kuɗin mota da na gari. Sai 2023 ya hau kashi 28, 2024 kashi 56. A 2025 kuma sidi ya farfaɗo sosai, wanda ya ɓoye dala shi ya ji jiki. Abin yana juyawa ta kowane ɓangare.

Ki kuma sani MTN Ghana, da ta shiga kasuwar a 2018, tana da nauyi ƙwarai a kwandonmu, har takan ja ma'aunin duka.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ki gaya mini ribar rumfarki ba. Jarin da ke juyawa sau uku ko huɗu a shekara a hannun wadda ta san masu sayenta yakan wuce kashi 10 nesa ba kusa ba. Ki buɗe littafin ciniki ki gwada kafin ki raina shi.

In kina da rarar da ba za ki nema ba nan da shekara biyar ko fiye, sai ki shiga kaɗan-kaɗan duk wata, kamar zubin susu, ta hannun dillalin da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ba lasisi, a buɗe miki asusun CSD, wato asusun ajiye hannun jari, da sunanki da Ghana Card ɗinki. Kada ki tura wa kowa kuɗi ta momo don ya nuna miki zane. Kuma cikin kwandunan nan akwai bankuna masu kuɗin ruwa da kamfanonin giya; ki tuntuɓi malaminki, akwai ma'aunan da aka tace bisa shari'a.

Yaron kuma ki ba shi aiki. Ya sami littafi, duk ƙarshen wata ya rubuta abu uku a layi ɗaya: lambar ma'aunin, farashin dala, da kuɗin bandir ɗin shadda a wurin mai saro miki. Bayan babbar salla ki aiko mini da shafin mu duba tare.