Tambayi Likita: Kafaɗar mai jifa, targaɗe, da ƙwallon da ta bugi kai

Saƙonnin wannan mako daga Kebbi da Zamfara suka fito, kuma duk a kan sofbol ne, wasan nan ɗan uwan besbol da mai jifa ke jefa ƙwallo, mai bugu ya buge ta da sanda. An fara sofbol ne a birnin Shikago na Amurka a 1887. Sunan yana nufin ƙwallo mai laushi, amma duk wanda ta taɓa samu a yatsa ya san babu laushi a jikinta.

Likita, shekarata 16, ni ce mai jifa a tawagar makarantarmu. Wata biyu ke nan gaban kafaɗata ta dama na ciwo, har ɗaura kallabi ya zame mini aiki. An ce in daina wasa. Idan na ga ƙawayena a fili sai kuka ya zo mini. Shi ke nan na rabu da wasan? (wata ɗaliba, Birnin Kebbi)

'Yata, share hawayenki, ba ki rabu da shi ba. Ban taɓa kafaɗar da hannuna ba, don haka sai an duba ki, amma bayaninki ya yi kama da abin da muka saba gani ga masu jifa. A sofbol hannu yakan zagaya gaba ɗaya kamar fanka kafin ki saki ƙwallo ta ƙasa. Akwai jijiyar damtse da ta ratsa ta gaban kafaɗa, ita ke shan wahalar wannan zagaye. Idan aka yi ta jifa kullum babu hutu, sai ta kumbura. Masu horarwa da yawa sun ɗauka jifan ƙasa ba ya cutarwa, sai su bar yarinya ɗaya ta yi ta jifa wasa bayan wasa. Wannan kuskure ne, kuma yana ba ni takaici, domin mafi gwaninta ake fi ɗora wa nauyin.

Ki sa Mama ta kai ki wurin likitan ƙashi, asibitin tunawa da Sir Yahaya yana kusa da ku. Kada a jinkirta idan ciwon na tashe ki cikin dare, ko hannun na sagewa, ko kina jin kafaɗar kamar za ta goce. Yawanci ba a kai ga tiyata. Za a hana ki jifa na wasu makonni, a tura ki sashen gashin ƙashi a ƙarfafa naman da ke riƙe da allon kafaɗa, da na ƙugu da cinya, domin ƙarfin jifa daga ƙafa yake tasowa. Ranar komawa kuma da jifa gajere za ki fara, ki tsallake rana, ki ƙara nisa a hankali. Ciwo ya dawo, ki koma baya taki ɗaya.

Kukan nan kuma ban raina shi ba. Wanda ya saba da fili aka ce ya zauna, ƙawaye ya rasa, da abin da yake tashi da ɗokinsa kowace safiya. Kada ki ƙaurace musu. Ki je, ki riƙe musu littafin maki, ki yi gudu tunda ƙafafunki lafiya lau, ki lura da yadda masu bugu ke tsayuwa. Idan kuwa kika kwashe mako biyu babu barci, abinci ba ya shiga, komai ya fita ranki, ki faɗa wa Mama da likita, wannan ma ana maganinsa. An yi sofbol a gasar Olamfik daga 1996 zuwa 2008, aka sake yi a Tokyo, kuma zai dawo a 2028. Mata ne ke buga shi a can.

Yarona ya zame a ƙasa wajen neman maki, idon sawunsa ya kumbura. Kakarsa ta ce a kai shi wurin mai ɗori. Me ka gani? (wani uba, Gusau)

Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ka gwada abu biyu: zai iya taka ƙafar taki huɗu? Idan ka danna kan ƙashin idon sawun, yana zabura? In ya kasa takawa ko ƙashin kansa ke ciwo, sai hoto, domin yaro mai tasowa yana da wurin tsiro a bakin ƙashi wanda kan tsage a zaci targaɗe ne. In ba haka ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 sau da yawa a yini, kwana biyu zuwa uku. Ban da ruwan zafi da murza a kwanakin farko.

Ka lallashi Hajiya da ladabi. Abin da nake tsoro shi ne ɗaurin kara mai tsauri a kan gaɓar da ke kumbura, yana tare jini, kuma ta haka ake rasa ƙafa.

Ƙwallo ta bugi ɗalibina a kai, ya faɗi, ya tashi ya ce garau yake. Na mayar da shi wasa. Na yi daidai? (malamin wasanni, Argungu)

A'a, Malam, amma na gode da ka tambaya. Ƙwaƙwalwa na iya girgiza ko ba a suma ba, kuma yaro mai son wasa zai ɓoye maka jiri. Wanda ya bugu a kai ya gama wasan ranar. A sa masa ido kwana biyu. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, rikicewar magana ko farfaɗiya, asibiti nan take. Ba zai koma fili ba sai alamun sun ɓace kuma likita ya yarda. Ka nemo wa masu bugu hular kwano.

Kan yatsana ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa tun da na cafe ƙwallo. Ina shan maganin ciwon jiki in ci gaba da wasa. (wani matashi, Talata Mafara)

Ɗana, da alama jijiyar da ke miƙe kan yatsan ce ta tsinke. Ja ba ya gyara ta. A asibiti za a yi hoto, a tallafe yatsan a miƙe mako 6 zuwa 8, dare da rana, in ya lanƙwashe sau ɗaya an koma farko. Ka je cikin makon nan. Magunguna irin su diclofenac da ibuprofen, a sha su cikin zafin bazara ana zufa babu isasshen ruwa, suna taɓa ƙoda da ciki. Tramadol kuwa ko wani ya miƙo maka a bakin fili, kada ka karɓa.